Pordil Khan da Injin Marigayi Momin

A Darra, garinmu na maƙeran bindiga, duk wanda ya haura hamsin da ihu yake magana, ko da lafiyar iyalinka yake tambaya. Ba faɗa ba ne, kunne ne ya tafi. Tun kana goye ake gwada bindiga a bakin titi. Mai saye ya fito daga shago, ya ɗaga ta sama ya saki wuta, mai shayi ko kai ba ya ɗagowa. A haka muka tashi, a haka kunnuwanmu suke mutuwa, ba mai yi wa wani jaje. To a irin wannan gari ne Allah ya yi mutumin da kunne ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya aurar masa da 'ya'ya mata, har manyan masu shaguna suna miƙewa tsaye in ya shigo. Pordil Khan ke nan.

Ubansa maƙerin bakin bindiga ne, kakansa ma haka, amma shi hannunsa kamar na aro. A ba shi magagari ya goge ƙarfe, sai ya cinye inda ake so a bari, ya bar inda ake so a cinye. Uban ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya kai ƙara wajen liman, daga baya ya haƙura. Pordil ya riga ya fara gemu lokacin da aka tura shi layin masu cika harsashi, wai ko wankin kwanson harsashi zai iya, tunda wannan dai ba ya neman basira.

Mu ba ma yar da kwanson harsashi. In an harba a tsince, a wanke, a kai wa masu inji su mayar da shi siffarsa su sake cika shi. Injin na hannu ne, a kan teburi ake ɗaure shi, ka ja hannunsa ƙasa ka mayar sama. Sabo tsada gare shi, don haka yawancin masu sana'ar tsoho suke saye, daga hannun wanda ya gaji, ko wanda ya karye, ko magadan wanda ya rasu. Tsohon inji kuwa munafuki ne. Zai cinye ta ciki ya bar jikinsa sumul, ya riƙa ba ka harsashi mai ƙyalli, sai ranar da maharbi ya auna makwarwa a kan dutse abin ya maƙale masa a bindiga. Kafin magariba sunanka ya gama yawo daga nan har Kohat.

A shagon Momin Mai Harsashi aka ajiye Pordil. Momin yana da injin da babu irinsa a layin, wani baƙi mai nauyi, ƙirar Turai ta asali, da kakansa ya shigo da shi ta Kabul a kan raƙumi. Yana ji da shi kamar ɗan fari. Wata rana yana tsakiyar aiki, Pordil da ke tsugune gaban bahon wanki ya ce, ko juyowa bai yi ba:

"Maigida, injin nan naka tari yake yi."

"Ubanka ne ke tari," in ji Momin. "Wanke kwanso."

Mako bai zagayo ba wata ƙusa a gwiwar injin ta karye. Irinta babu a kasuwa, Momin kuwa ba zai yarda layi ya ji injinsa ya kwanta ba. Ya ja ƙofar shago, ya kwance feda ɗaya daga kekensa na hawa, ya yanko ƙarfen cikinta, ya goge ya zura. Inji ya tashi garau. Sai dai tun daga ranar, in hannun ya kai ƙarshen sama, yakan yi wata 'yar ƙara ta biyu, kamar mutum ya yi tsaki ciki-ciki. Momin bai taɓa jin ta ba, Pordil kaɗai ke ji.

"Ka rufa min asiri," Momin ya ce masa. "In Darra ta ji injin Turai da ƙafar keke yake tafiya, na shiga uku da bakin mutane."

Ya rataye keken a saman shago da fedarsa ɗaya, duk wanda ya tambaya sai ya ce ciwon gwiwa ne ya hana shi hawa. Maganar ƙusa ta mutu a nan. Amma maganar tari Momin da bakinsa ya baza ta a layi, don mutum ne da ba ya ƙwange wa kowa yabo. Daga nan aka fara aron Pordil. Wannan ya zo ya ce a ba shi shi ya saurara masa injin da zai saya, wancan ma haka, har bahon wanki ya koma hannun wani.

Tsarinsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba. Ya zo, ya gaisa, ya sha koren shayinsa har ƙarshe, sannan ya juya wa injin baya ya rufe ido. "Ja," zai ce. A ja babu komai ciki. "Sa kwanso." A sa a kuma ja. Wani lokacin nan take yake magana, wani lokacin sai mai ja ya fara haki. Hukuncinsa gajere ne, kuma ba ya sa masa zuma. "Wannan ya ci ta hagu, amma in ka san mai zai kai jikanka." Ko kuma, "Fentin wannan ya fi shi daraja." Akwai wanda ya gaya wa ya kai nasa wajen masu awon ƙarfe ya sayi kaza da kuɗin, ƙarama. In an zo kuɗi, sai ya warware mayafinsa ya rufe hannunsa da na mai sayarwa, ya matsa masa yatsu, ya koma ga mai saye ya matsa masa irin su. 'Yan kallo ba sa jin adadi, fuska kawai suke karantawa. Shi da kansa bai taɓa sayen inji ba, bai taɓa sayarwa ba, abin da ɓangarorin biyu suka zura masa a aljihu shi ne nasa. Har injin ƙanin matarsa ya taɓa kushewa a gaban mai saye, ya kwana biyu yana cin gurasa mai sanyi a gida.

Abin ya kai in ka ce za ka sayi tsohon inji, tambayar farko da za a yi maka ita ce, "Pordil ya ji?" In ka ce a'a, sai a dube ka da tausayi.

Abokin hamayyarsa ɗaya ne, shi ne kuma abokin shan shayinsa, Khaista Gul. Shi da ido yake aiki. Mu mutane ne da ba ma ganin abu mu ƙyale. Ka kawo mana bindigar kowace ƙasa, bayan kwanaki mu ba ka biyu ka rasa taka, har tambarin kamfanin da lambobinsa. Injunan cika harsashi ma haka muke musu. To Khaista Gul ya san tambari kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, kallo ɗaya zai ce wannan na asali ne, wannan kuwa a bayan masallacin Juma'a aka buga shi. Kullum da hantsi suna zaune a gadon igiya ɗaya a gaban mai shayi suna cin mutuncin juna.

"Makaho, yau wa za ka rufe wa ido ka cuta?"

"Wanda ka gama cuta jiya da idonka biyu a buɗe."

Haka aka yi ta tafiya har gemunsu ya yi fari. Sannan Darra ta karɓi nata daga wajen Pordil, kamar yadda take karɓa daga kowa. Kunnen dama ne ya fara tafiya, ya riƙa juya na hagu, ba wanda ya lura. Da na hagun ya bi sahu, sai ya koma satar kallon hannun mai ja ta wutsiyar ido, yana cika sauran da sanin da ya tara. Ya san ba daidai yake yi ba. Amma mutumin da aka yi shekaru ana miƙe masa tsaye, faɗin "ban ji ba" ya fi masa cire haƙori wuya.

Sabz Ali ne abin ya faɗa wa. Mutum ne mai iyali da yawa, ya sayar da gonar gado don ya buɗe shagon kansa, ya zo har gida ya yi sallama da Pordil. Pordil ya je, ya juya baya, ya rufe ido, bai ji komai ba sai wani gunji mai nisa, ya gyaɗa kai. Injin ashe ya gama cinyewa. Harsasan da ya fitar aka yi ta dawo da su, maharba suna zagi. Sabz Ali ya zo gaban mai shayi, ya zazzage buhun harsasan a ƙafafun Pordil, ya sunkuyo daidai kunnensa ya ɗaga murya yadda har masu wucewa suka tsaya.

"Baffa, wannan ka ji? Ko shi ma in ja maka?"

Pordil ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida, bai ƙara zama a gadon nan ba. Khaista Gul bai yi dariya ba, a faɗi gaskiya, amma aikin duk wajensa ya koma, bai kuma ce ba ya so ba.

A gida, tun da kunnen ya fara nauyi, matarsa Shahtarina ce ke jiye masa ƙofa. In an yi sallama sai ta taɓa kafaɗarsa ta nuna waje. Yanzu kullum da safe zai yi wanka, ya naɗa rawani, ya zauna a tsakar gida kamar mai jiran mota. In hantsi ya yi ya dube ta.

"An yi sallama?"

Ta girgiza kai. Ya ce to, ya kwance rawanin. Gobe ya sake naɗawa. Wannan naɗawa da kwancewa ita ta fi ci mata rai, har takan juya baya ta yi kamar tana neman wani abu a cikin tukunya.

Shahtarina tana da tsohon keken ɗinki da take yi wa matan unguwa aiki da shi. Wata rana da sanyi tana ɗinki a rana, shi kuma ya jingina da teburin keken yana gyangyaɗi, asuwaki a bakinsa. Kan asuwakin ya taɓa jikin keken. Sai ya ji abu ya shiga ta haƙoransa ya hau har tsakiyar kansa, tsaf, kowane juyi da kowane sara na allura. Ya zabura har ya kusa kifar da teburin.

"Taka! Uwar Gulalai, ci gaba da takawa!"

"Lafiyarka kuwa?"

Ya ciji asuwakin da kyau ya danna shi a jikin keken ya rufe ido. Can ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa.

"Keken nan naki ba shi da lafiya. Akwai abin da ke gogar ɗan'uwansa a ƙasa, ta dama."

Ta saki baki. Ta matso kusa da kunnensa ta yi ihu: "Wata nawa ina gaya maka yana tsallake zare!"

"Ai ban ji ba," ya ce. A ranar ne ya fara faɗin kalmar, ya kuma ga ba ta kashe shi ba.

Duk sanyin nan babu abin da ya tsira a gidan. Ya ciji famfon ruwa, ya ciji fanka, ya ciji injin niƙan maƙwabta ta jikin bango. Asuwaki ya yi laushi da yawa, yana shanye ƙarar. Sandar ƙarfe ta share bakin bindiga ta kusa tafiya da ɗan abin da ya rage masa na haƙora. Daga ƙarshe ya hau dutse ya saro reshen zaitun na daji, ya busar, ya fere shi tsawon kamu ɗaya, shi ne ya yi daidai. Har ya ga ta wani wajen haƙori ya fi kunne, don hayaniyar titi ba ta shiga tsakaninsa da ƙarfe. Shahtarina ta ce ya koma kasuwa. Ya ce Allah ya kiyaye. Dattijo mai farin gemu ya durƙusa gaban maza da itace a baki kamar kare da ƙashi? An yi masa dariya sau ɗaya, ta ishe shi har kabari.

Da bazara Momin ya rasu. Bai bar ɗa namiji ba, abin da zai riƙe matarsa Bibi Mahtaba shi ne kuɗin injin nan. Ƙaninta Zarwali, mai zanen furanni a jikin bindiga, mutumin kirki ne har kirkin ya yi masa yawa. A wajenmu abin kunya ne ka fito da kayan sayarwa da dauɗa, balle kayan mamaci. Ya dubi injin ya ga fenti ya koɗe, tambari ya shafe saura inuwa, sai tausayin yayarsa ya kama shi. Ya kai shi shagonsa ya kankare, ya yi masa sabon baƙi mai sheƙi, ya ɗauko kayan zanensa ya bi tambarin layi-layi ya fito da shi raɗau. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, bai karɓi ko sisi ba, bai kuma san ya yanka yayarsa ba.

Bayan sadakar arba'in aka fito da injin a zauren Momin, aka ɗaure shi a teburi, maza suka cika gadaje. Pordil ya zo ne don haƙƙin mamaci kawai, ya zauna can bakin ƙofa wajen takalma. Da ya sa hannu a aljihun falmaransa neman carbi sai ya ji sandar zaitun. Ba shi ya sa ta ba. Shahtarina kuwa tun safe tana cikin gidan tare da mata.

Mai neman saye Sabz Ali ne. Ya ɗan farfaɗo, yana son injin da zai wanke masa suna, amma wanda ya ƙone sau ɗaya ba ya wasa. Khaista Gul ya tashi ya zagaya teburin, ya sunkuya kan tambarin, ya shafa da babban yatsa, ya miƙe yana goge hannu.

"Allah ya jiƙan Momin, amma wannan ba injinsa ba ne. Tambarin nan bai yi wata biyu ba, ga gefensa nan yana yanka yatsa. Aikin gida ne. Wataƙila jinya ta sa ya sayar da na asalin a ɓoye, ya ajiye wannan don idon mutane."

Zarwali ya yi tsalle ya dire. "Wallahi na asali ne! Ni na gyara tambarin da hannuna!"

"Ai mun ga da hannunka ne," in ji wani daga baya. Zaure ya ɗauki dariya.

"Na rantse da Alƙur'ani!"

"Zarwali," in ji Khaista Gul a hankali, "ka taɓa ganin mai sayarwa a garin nan da bai rantse ba? Ni kaina jiya na rantse."

Sabz Ali ya fara neman takalmansa. Kuɗin inji ƙirar gida ba zai riƙe tsohuwa ko shekara ba, kowa a wajen ya san haka, shi ya sa dariyar ta mutu da wuri. Sai aka ji bugu a ƙofar da ke shiga cikin gida. Zarwali ya je ya kara kunne, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Yaya ta ce mijinta ya bar magana. Ba mai sa wa injinsa kuɗi sai Pordil Khan. Ta ce kuma ta san yana nan."

Duk aka juyo. Pordil bai ji ko kalma ba, idanu kawai ya gani a kansa, sai da Khaista Gul ya zo ya yi masa ihun saƙon a kunne, ya ƙara da nasa: "Ka ce ba ka da lafiya, ni zan rufa maka." Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

Pordil ya dubi ƙofar cikin gida, ya dubi ƙofar waje. Ta wajen ta fi kusa. Ya miƙe, ya ratsa mutane har gaban teburin. Bai juya baya ba yau. Ya durƙusa, ya zaro sandar, ya sa kai ɗaya tsakanin turamensa, ya ɗora ɗayan a jikin injin.

"Baffa, ba rake ba ne!"

"A kawo masa gurasa, jama'a, yunwa ce!"

Bai ji su ba, amma ya ga haƙora ta ko'ina, ya kuma san me ake cewa. Kunya ta rufe shi har wuyansa ya yi zafi. Ya nuna Sabz Ali da yatsa, ya nuna hannun injin. Sabz Ali ya tsaya jim, sannan ya ajiye takalmin ya zo ya kama. Pordil ya rufe ido.

Hannu ya sauka, ya hau. A ƙarshen sama, ga ta nan, 'yar tsakin nan ciki-ciki, ko kaɗan ba ta sauya ba. Sai ya ji kamar Momin ne ya leƙo ya ce masa wanke kwanso. Hawaye ya zubo masa ya shige gemu, bai goge ba. Ya yi alama a sake ja. Ya matsar da sandar zuwa gindin hannun, ya sa aka kuma ja, aka kuma. A nan akwai wani abu da bai sani ba a da, wata siririyar rawa da ke zuwa in nauyi ya hau, ta ɓace in an saki. Ya daɗe a kanta har ya tabbata. In ya faɗe ta kuɗin tsohuwa zai ragu. In ya haɗiye ta, ya cuci Sabz Ali karo na biyu.

Ya cire sandar, ya tofar da ɓawon itace, ya kwance rawaninsa ya ajiye a kan teburin. Zaure ya yi tsit, don kowa ya san abin da ajiye rawani yake nufi.

"Injin Momin ne," ya ce da ihun kurame. "Momin, ka yafe min, don iyalinka zan tona. Ku kwance gwiwar nan. Ƙusar ciki ba ta Turai ba ce, ƙarfen fedar keke ne. In ba haka kuka gani ba, ku ƙona rawanin nan a tsakiyar kasuwa."

Kafin ya rufe baki sifana uku sun fito daga aljihuna, don a Darra ba a zuwa ko ta'aziyya hannu rabbana. Aka kwance, aka buga ƙusar ta faɗo a tafin Khaista Gul. Ya juya ta a haske. Ga sauran zaren noti na feda a ƙarshenta, ga jikinta ya sha aiki ya yi santsi irin wanda shekaru kaɗai ke yi.

"Keken!" wani tsoho ya yi ihu yana dukan cinya. "Keken Momin mai feda ɗaya! Ciwon gwiwa, in ji shi!"

"Ai bai yi ƙarya ba," in ji Khaista Gul, "bai dai faɗi gwiwar wa ba." Ya ɗauki rawanin da hannu biyu ya ɗora a kan Pordil. "Mu muna kwaikwayon abin da ido ya gani. Ba mahaukacin da zai ƙera sabon inji ya sa masa ƙafar keke. Na ci ƙasa, Makaho. Na asali ne."

Zarwali ya rungumo Pordil yana kuka yana dariya, amma Pordil ya ture shi.

"Ban gama ba. Kawo wuƙarka ka kankare fentin nan naka, nan, a gindin hannun. Ya tsage."

"Haba Baffa! Ka ɗaga mu sama kuma ka sake mu?"

"Kankare."

Ya kankare yana gunaguni. Da farko ba a ga komai ba. Khaista Gul ya ɗiga baƙin mai a wajen ya goge da gefen rigarsa, sai ga layi siriri kamar gashi ya fito baƙi a kan farin ƙarfe. Zarwali da ya wanke injin nan da hannunsa, ya shafa masa fenti, bai gan shi ba. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, sai salati da ya zagaya zauren.

"Hannu abin ƙerawa ne, kowane layi akwai mai yi," in ji Pordil. "A cire kuɗinsa. Sauran jikin kuwa zai binne mu duka."

Ya warware mayafinsa ya rufe hannun Zarwali, ya matsa masa yatsu. Idon Zarwali ya fito. Ya juya ga Sabz Ali. Sabz Ali bai miƙo hannu nan da nan ba, ya tsaya yana duban tsohon da ya taɓa zazzage wa buhu a ƙafa. Sannan ya zura hannun a ƙarƙashin mayafin, ya karɓi yatsun, ya gyaɗa kai. Bai nemi ragi ba. Tsofaffin wajen sun ce tun da suke ba su taɓa ganin ɗan Darra ya sayi ko allura bai nemi ragi ba. Bai kuma saki hannun ba, ya jawo shi ya ɗora a goshinsa, ya faɗi wata magana da Pordil bai ji ba, bai kuma buƙaci a maimaita masa ba.

Wani ya fita ƙofar gida ya juye wa sama harsasai, na maƙwabta suka amsa ba tare da sun san dalili ba. Khaista Gul ya karɓi sandar ya goge ta a hannun riga, ya durƙusa ya ciza, ya sa aka ja masa. Ya daɗe yana zare ido, ya miƙe ya mayar wa Pordil da ita.

"Ni dai haƙorina ne ke ciwo. Gobe ka fito shayi, gadon ya yi min faɗi."

Washegari Pordil ya yi wanka, ya naɗa rawani, ya zauna a tsakar gida. Bai tambayi Shahtarina yadda sanda ta shiga aljihunsa ba, ita kuwa tana ta fama da tanderu. Hantsi bai gama yi ba ya ga ta tsaya cak, gurasa a hannu, ta karkata kai wajen ƙofa. Ya buɗe baki zai yi tambayarsa ta kullum, ta ɗaga masa hannu. Ba ta taɓa kafaɗarsa ba, ba ta nuna waje ba. Ta goge gari a zaninta, ta zo ta zaro sandar daga aljihunsa, ta sa masa kai ɗaya a baki, ta dafa ɗayan a haɓarta. Muryarta ta shigo masa ta haƙora, a hankali, ba ihu, irin yadda take magana tun suna da ƙuruciya, muryar da ya yi shekaru bai ji ba.

"Baban Gulalai," ta ce, "ana sallama da kai."